Ƙarar Fanka a Karatun Alaramma Buba

Duk shekara idan makarantu suka yaye ɗalibai, sai na yi baƙi. Su zo shagona da ke hanyar kasuwa a Kazaure, su uku su huɗu, takalma na sheƙi, kowa da waya a hannu, su ce sun zo ƙaro sani ne. Da ka ji wannan magana ka san mutum yana ganin ya riga ya cika, ɗan yayyafi kawai yake so a yi masa a sama. Cikin na kwanan nan wani ya leƙa cikin akwatin kwamfutar da na buɗe, ya ga ina fama da fanka, ya ce, "Baba, ai wannan ba aiki ba ne. Ka shiga bayos ka rage mata gudu, shi ke nan. Minti biyu na gani a bidiyo." Na ce Allah ya ƙara basira, ya kuma ƙara wa mai bidiyon lafiya. Ya tafi yana jin ya taimaki tsoho. To ku da kuka rage, wannan naku ne. Kallon kitse kuke yi wa rogo, ni kuwa na ci rogon, na san inda ya shaƙe ni.

Fankar farko da na taɓa ba ta kwamfuta ba ce, ta tebur ce, ta wani tela. A shagon Malam Iro mai gyaran rediyo ne, wanda ya koya mini sana'a. Lokacin da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshin garin nan, wurinsa ake kawo ta idan ta ƙi, ba don ya san ta ba, sai don shi kaɗai ke da sukudireba ƙanana. Wata uku na yi a wurinsa bai bar ni na kwance ko noti ɗaya ba. Sai ya kunna fanka, ya ce in juya baya in faɗa masa ciwonta. Idan tana kuka siriri, ƙishin mai take ji. Idan tana karkarwa, ko fiffike ɗaya ya fi 'yan'uwansa nauyi, ko wani abu ya saki. Idan na faɗi ba daidai ba, ba ya duka. Mai shayin da ke gefe yake kira, ya ce, "Zo ka ji abin da likita ya gano." Wallahi da duka ya riƙa yi da ya fi mini sauƙi. Amma kunnen da nake ci da shi yau, a wannan benci na same shi.

Abin da ke cikin akwatin nan zafi yake haifarwa muddin yana aiki, fanka ce ke fitar da shi. Ka ba ta gudu, inji ya huce, ɗaki ya cika da ƙara. Ka rage mata, kunne ya huta, inji ya fara dahuwa. Sana'ar duka a tsakanin nan take, kuma tsakanin ba ya zama wuri ɗaya. Mai bidiyonku yana zaune a ƙasar da ake sa rigar sanyi da azahar. Mu nan idan bazara ta yi, duwatsun Kazaure rana suke sha tun safe, su yi ta amayo ta har magariba. Lissafinsa ba namu ba ne.

Akwai wani mai shagon buga takardu a Babura da ya aiko aka ɗauko ni a babur, wai kwamfutarsa tana kashe kanta da rana tsaka. Ƙanensa da ya yi karatun abin ya riga ya gyara ta. Ya sayo fanka biyar masu fitilu ja da kore, ya ɗaura su duka, kowacce tana hura iska ciki, babu ko ɗaya mai fitarwa. Akwati yana walƙiya, yana ruri kamar injin markaɗe, zafi kuwa ya rasa ƙofa. Ban yi musu da kowa ba. Kayan aikina ba su da yawa: sukudireba, burushin fenti, man keken ɗinki, yankakkiyar robar tayar babur, sai sandar turare irin wadda ake sayarwa a bakin masallaci. Ita na kunna. Na kai ta gaban akwatin, hayaƙi ya shige. Na kai ta baya, nan ma ya shige. Na ce, "Alhaji, baƙi biyar sun toshe ƙofa, mai gida ta ina zai fita?" Na cire uku, na juya ɗaya ta koma fitarwa, na sa roba a ƙarƙashin notuna don ƙarfe ya daina kaɗa ƙarfe. Ƙara ta faɗi, zafi ya sauka, inji ya daina suma. Mutumin bai ji daɗi ba sam, don fitilu sun tafi. Har yau idan muka haɗu, wanda ya kashe masa kwalliya yake kirana.

Bayos ɗin da kuke taƙama da shi, wato shafin saitin injin, ni ma ina shiga, ba gidan aljanu ba ne. Can ake gaya wa fanka, idan zafi ya kai kaza ki yi gudu kaza. Fanka mai waya huɗu tana jin magana, sai yadda ka yi da ita. Mai waya uku sai an rage mata wuta, idan ka wuce kima ta tsaya cak ba tare da ta yi maka sallama ba. Babbar fanka mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai ihu tura iska. Wannan duka mako guda ya ishe ku ku haddace. Abin da babu a bayos shi ne ɗakin da za a ajiye injin, da watan da ake ciki, da mutanen gidan. Na ƙarshen nan shi ya kayar da ni, ina da shekara kusan ashirin a sana'a.

Alhaji Lawan ya zo shagona a farkon sanyin wata shekara. Tsohon darakta ne a ƙaramar hukuma, ya yi ritaya amma muryarsa ba ta yi ba. Ko ruwa zai roƙa, sai ka ji kamar takardar umarni ce aka sa wa hannu. Mahaifinsa, Alaramma Buba, yana wani ƙauye bayan Roni. Bafulatani ne da ya yi hadda yana bin shanu, ya karantar da rabin yankin. A lokacin ya haura tamanin, ido ya tafi, ƙafa ta tafi, murya kaɗai ta rage, ita ma ta fara rawa. Alhaji yana so a ɗauki karatunsa, izu sittin cif, kafin ta Allah ta kasance, don jikoki su ji yadda kakansu yake ja. Niyya ce mai kyau, ban taɓa cewa ba ita ba ce.

Ya sayi makirfo mai tsada, ya sa sola don kada janareta ya shiga maganar, ya kai tsohuwar kwamfutarsa ɗakin tsohon. Da suka gwada, sai ga huci a bayan murya.

"Malam Sabo, shiru nake so," in ji shi. "Ba na son in ji ko numfashin sauro a bayan karatun Baffa. Ranar da za a ƙaddamar da shi, manyan mutane ne za su zauna."

Na hau babur na bi shi. Ɗakin Alaramma ginin ƙasa ne da rufin kwano, an yi masa daɓen siminti. Yini guda na yi a ciki. Na cire ƙananan fankokin na sa manya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, na ɗiga musu mai, na sa roba. Na ɗora akwatin a kan bulo biyu a ƙasa, a lungun bakin ƙofa inda iska ke shigowa, nesa da makirfo, na ja doguwar waya. Tsohon yana zaune a kan buzu yana jan carbi, yana jin motsina.

"Yaro, me kake nema a akwatin nan tun safe?"

"Shiru nake nema, Allah gafarta Malam."

"To Allah ya sa ka samu. Ni shekara tamanin ina nema."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya toshe kunne da abin sauraro, ya rufe ido, ya ce har yanzu yana ji. Na rage. Ya ce yana ji. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kurciya ce a waje." Ya ce shi ya san bambancin kurciya da fanka, ya riƙe ma'aikata ɗari biyu. Ban ga haɗin ba, amma na sake ragewa. A ƙarshe na yi abin da Malam Iro da yana raye zai kira mini mai shayi a kai: na ɗaure fankokin, na hana su wuce sulusin gudunsu kome zafin da inji zai yi. Na san ba daidai ba ne. Na ce a raina sanyi ake yi, daɓe da sanyi, ga iskar ƙofa, zai ɗauka. Gaskiyar magana kuma, na gaji da Alhaji, ina so in kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi.

Abu uku na bar masa. Na ce kada a gusar da akwatin daga inda yake, kuma a kira ni kafin bazara. Na ce duk izun da aka gama a kwafe shi a filashi a ajiye daban. Nan ya dube ni yadda ake duban masinja.

"Kai ba ka san mutanenmu ba. Izu ɗaya ya fita, gobe ka ji shi a wayar kowane ɗan acaba. To mu me za mu ƙaddamar?"

Haka suka fara. Kullum da hantsi Alhaji ya danna jan maɓalli da kansa, tsoho ya karanta. Wani lokaci izu guda a kwana biyu, wani makon tari ya hana. Sanyi ya wuce, ba wanda ya kira ni, ni ma ban leƙa ba. Sai da bazara ta kai inda kaza ke buɗe baki a inuwa, wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, ko gaisuwa babu.

"Kwamfutarka ta mutu."

Ranar kwamfutar ta zama tawa ke nan. Na isa da azahar. Na duba lungun bakin ƙofa, ga bulona biyu, an ɗora buta a kai. Na ɗaga kai. Akwatin yana can saman kabad, tsakaninsa da kwano bai fi taƙi ɗaya ba, an naɗe shi tsaf da sabuwar darduma mai kauri, tsarabar Makka, an cusa gefunanta ta ko'ina yadda ko ƙuda ba zai shiga ba. Na taka kujera na taɓa shi, na janye hannu.

Inna Dije, matar Alaramma, mahaifiyar Alhaji, ita ta yi magana daga bakin ƙofa.

"Ni na sa aka ɗaga shi, ɗan nan. Na tambayi wancan," ta nuna Alhaji da haɓa, don ɗan fari ne ba ta kama sunansa, "na ce karatun da Malam ke yi ina yake shiga. Ya ce cikin akwatin nan. Na ce ashe maganar Allah ce a ƙasa, a inda ake tuɓe takalma, kaji suna shigowa suna hawa kanta? A gidan nan?"

A gidana ma allon yara ba ya kwana a ƙasa, ba a ɗora ko hula a kan Littafi. Ni inji na gani, ita abin da ke cikinsa ta gani. Da na tsaya na yi tunanin minti ɗaya a ranar farko, da na san babu gidan malamin da za a bar wannan akwati a bakin ƙofa. Inna ba ta yi laifi ba, tarbiyyarta ta bi.

Alhaji kuwa, ashe murna ya yi da aka naɗe shi, don dardumar ta haɗiye ɗan sauran hucin. Har baƙi ya riƙa nuna wa, yana cewa ya gyara aikin injiniya. Mako biyu injin yana kashe kansa a tsakiyar karatu, shi kuma ya jira ya huce ya sake kunnawa, yana zagin sola. Fanka ta so ta yi magana, ni na ɗaure mata baki. Da na bar ta a sake, ranar farko da aka rufe ta za ta yi ihun da zai sa a yaye dardumar ko don a huta. Ƙarar da kuke raina, ita ce kaɗai hanyar da inji yake da ita ta cewa yana mutuwa.

Faifan ajiya, wanda muke cewa had-dis, shi ya tafi. Idan aka kunna sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, shi ke nan. Na kai shi Kano wurin waɗanda suka fi ni, ya yi mako guda a hannunsu, suka dawo mini da shi da ban haƙuri. Izu hamsin da uku ne a ciki. Saura bakwai a sauke.

Alhajin da ya riƙe ma'aikata ɗari biyu ya kasa gaya wa mahaifinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula. Ni na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, karatun ya tafi."

"Ina ya tafi?"

"Injin ya ƙone. Zafi ya yi masa yawa, ni kuma na ɗaure masa fanka don kada a ji ta."

Carbi ya tsaya a hannunsa. Sannan ya ce, "Wanda na yi dominsa ya ji. Sai dai jikoki." Ya juyo da fuska inda muryata take. "Fankar nan, idan ka sake ta, injin zai rayu?"

"Zai rayu, amma za a riƙa jin ta."

"Na yi hadda shanu suna kuka. Na yi tilawa mata suna daka a bayana. Wa ya ce muku sai an yi shiru karatu yake fita? Sake ta, yaro. Gobe da hantsi mu koma farko."

Alhaji ya matso. "Baffa, amma manyan baƙin da..."

"Darakta, kawo mini ruwa."

Wannan karon Inna na fara tambaya. Na sa kafinta ya kafa kanta a jikin bango, daidai kafaɗa, nesa da ƙasa, nesa da kwano. Ta ce ba za a bar shi tsirara ba, na ce ba za a naɗe shi ba, muka shirya a kan ɗan farin ƙyalle da aka ɗaura masa a sama kamar rumfa, ba ya taɓa shi. Na sa sabon faifai, na saki fankoki su hau yadda zafi ya hau. Da hantsi suna huci, kafin a rufe izu suna gurnani. Duk Juma'a kuma na hau babur na je na kwafe abin da aka yi a filashi, na damƙa wa Inna ta jefa a adakarta. Duk almajirin Alaramma na dā da ya zo gaisuwa da waya, Inna ta ce a zuba masa karatun. Ban nemi izinin Darakta ba, shi ma bai sake ɗaga maganar ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari ya riga ni komawa Kazaure, ya kai har Gwiwa: Sabo ya ƙone saukar Alaramma. Ba wanda ya ji zancen darduma, ba wanda ya ji zancen filashi, don mai ba da labarin ya san inda yake tsallakewa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ofisoshi suka daina aiko mini, makarantu suka koma wurin wani yaro mai takardar shaida a bango. Wani dattijo da muke sahu ɗaya ya riƙa ba ni hannu da 'yan yatsu biyu. Na koma gyaran fankar tebur da tocilan har kaka. Ban yi gardama da kowa ba, domin akwai kasona a ciki, kuma ba ƙarami ba ne.

Muryar tsoho a karo na biyu ba ta kai ta farko ba. Ta farko na ji kaɗan daga cikinta, tana da ƙarfi, tana tafiya kamar ba za ta gaji ba. Ta biyu sai ya tsaya ya nemi numfashi a tsakiyar aya. Damina ta faɗi, ruwa a kan kwano ya riƙa cinye kwanaki. Ya kai ƙarshen izu na talatin da ɗaya ya kwanta, bai sake tashi ba. An binne shi gero bai gama nuna ba. Manyan baƙi sun zo, amma ta'aziyya suka zo.

Karatun kuwa ya fita, yadda Alhaji ya ji tsoro. Yana wayar 'yan acaba, yana teburin mai shayi, yana cikin adaidaita. Har yanzu sai wani ya shigo shagon nan ya ce, "Baba, sifikar wayata ta lalace, duk lokacin da na sa karatun Alaramma Buba sai ta riƙa huci." In ce masa wayarsa lafiya lau, ya je ya ci gaba da saurare. Saboda haka idan kun buɗe naku shagon, kafin ku taɓa bayos ku je ku ga ɗakin, ku gai da tsohuwar gidan, ku tambaye ta inda take ganin ya kamata abin ya zauna. Kome matsin mai kaya kuma, kada ku hana fanka hawa. Ku rage mata a ƙasa yadda kuke so, sama ku bar mata.

Bara Alhaji Lawan ya zo. Ya tsufa, har sallama ya yi. Ya ce ya ji yanzu akwai manhajar da ke goge ƙara daga bayan murya, ko za a iya wanke karatun Baffa. Na ce akwai, ana iyawa. Na karɓi wayarsa na nemo izu na talatin da ɗaya, na ja shi zuwa ƙarshe, na ajiye a kan tebur tsakaninmu. Tsoho ya rufe ayar ƙarshe, ya yi ajiyar zuciya. A ranar da aka ɗauki karatun Alhaji ya manta bai danna maɓallin tsayawa da wuri ba, don haka fanka ta ci gaba da juyawa ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan ta yanke.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shirun da ka aike ni nema daga nan ya fara. Izu ashirin da tara ne, babu ko numfashin sauro a ciki."

Ya miƙa hannu ya mayar da izun zuwa farkonsa, fanka ta tashi, muryar mahaifinsa ta biyo baya. Ya sa wayar a aljihun gaba tana yi, ya fita bai sake zancen wankewa ba.